A sa ɗakin karatu kusa da gida da kasuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in miƙa kira ga masu tsara gine-gine a Sakkwato. Ina koyarwa a firamare, a Mabera nake zaune. Ɗiyata tana shirin jarabawar JAMB, amma a ɗaki biyu muke da yara shida. Da dare sai ta fito zaure da fitilar waya, ƙannenta na guje-guje a kanta, ga zafin bazara mai wuce digiri 40. Kullum na ganta haka sai raina ya sosu.

A Shikago ta Amurka, a 2019, an buɗe ɗakunan karatu guda uku da gidajen haya masu sauƙin kuɗi a samansu. Mai gida ya sauko bene kawai ya tarar da littafi. Me zai hana mu? Duk rukunin gidaje ko jerin shaguna da za a gina a Arkilla, Kalambaina ko Runjin Sambo, a ware babban ɗaki guda na karatu, mai sola da fanka da sashen mata. Kuɗin hayar shagunan ya riƙe shi. Yaron shago ma, in kasuwa ta lafa bayan azahar, ya leƙa ya karanta ko shafi biyu.

Hayaniya fa? Gaskiya ne, sai a mai da ƙofar ta bayan ginin. Garin Shehu da Nana Asma'u ne wannan. Ina roƙon a fara gwadawa ko a unguwa ɗaya.

Naka,
Wani malamin firamare,
Mabera, Sakkwato