Gidan Thomas Hardy da kuka nuna, ginin ƙasa ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na kalli shirinku kan tsofaffin gidajen ƙauyen Ingila, na kuma ji daɗin yadda kuka nuno ɗan gidan nan na Higher Bockhampton da ke gundumar Dorset, inda aka haifi marubuci Thomas Hardy a 1840. Sai dai hankalin mai gabatarwa ya tafi ga furannin ƙofar gida, bai ce komai ba game da bangon. Ni kuwa magini ne, ɗan magini, bangon na zuba wa ido.

Da ƙasa aka yi shi. Kakan mahaifin Hardy ne ya gina gidan a 1800, da irin ginin da suke kira kob. A haƙo ƙasa, a zuba mata karan hatsi da ruwa, a tattake ta har ta kama, kamar dai yadda muke kwaɓa ƙasa da ramno. Su ba sa murza tubali. Ɗora kwaɓin suke yi kai tsaye, sahu bisa sahu, a bar kowane ya sha iska kafin a ɗora na gaba, sannan a sassaƙe gefen ya miƙe. Shi ya sa bangon irin wannan gini yake da kauri, tagoginsa ƙanana, na saman bene ma a ƙarƙashin jinka suke leƙowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Ingila ba ta da rani irin namu, ruwa kusan kowane wata, amma bangon ya haura shekara 200 a tsaye. A al'adar gininsu ana ɗora kob ne bisa tushen dutse ko bulo don kada danshin ƙasa ya hau shi. Daga sama kuma jinka ta zarce bango sosai, ruwa ya zuba can nesa. Shafen farar ƙasa suke yi masa, wanda ke barin danshi ya fita. Masu gyaran tsofaffin gidaje a can sun daɗe suna gargaɗi cewa yaɓen siminti yana kulle ruwa a ciki har ƙasar ta ruɓe. Na ga haka da idona a wani soro da aka kira ni gyara, bayan an lulluɓe shi da siminti da sunan zamani.

Gidan yana hannun ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, tun 1948, yana kuma cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, a mataki na biyu. Ko taga ba a sauya wa irin wannan gida fasali sai da izinin hukuma, wanda ya yi gaban kansa kuwa ya aikata laifi. Don haka dole a ci gaba da neman masu baibaya, sana'arsu ba ta mutu ba. Shi kansa Hardy ɗan magini ne, ya kuma fara koyon zanen gini a garin Dorchester da ke kusa yana da shekara 16.

Ina roƙon ku sake komawa can, ku samu mai baibaya ɗaya da mai aikin kob, ku bar kyamara a kan hannuwansu. Yaran da ke koyon aiki a wurina zan tara su kalla.

Naku,
Wani magini daga Zariya