Ba allon gargaɗi ke hana baƙo zubar da shara ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin ranar Asabar ya ɓata mini rai, mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi yana ta zuba, ko tari bai yi masa ba. Wai Bature da tarbiyyarsa yake zuwa, shi ya sa ba ya yar da leda a wuraren tarihi, mu kuwa sai an kafa mana allo, an ci mu tara. Ina ma ya hau motata ko sau ɗaya!

Ni direba ne, masu yawon buɗe ido nake ɗauka daga Kumasi. Na ɗauki Turawa, na ɗauki baƙaƙen Amurka, na ɗauki 'yan makaranta da matan Zango masu fita shan iska bayan Sallah. Kowanensu in ya sauko daga mota, ƙasa yake fara kallo. In ya tarar da wuri a share, sai ya cusa ledar ruwansa a jaka har ya ga kwandon shara. In ya tarar da juji, ya ɗora tasa a kai. Da idona na ga wata Baturiya ta riƙe ɓawon ayaba a harabar fadar Manhyia, fadar sarkin Asante, har ta dawo mota da shi. Washegari ita ɗin dai, a bakin tafkin Bosomtwe, bayan masu shagalin hutu sun watse, ta ajiye robar ruwa a gindin bishiya inda ta ga an tara wasu. To, tarbiyyar a masauki ta baro ta?

Abin da na ga yana riƙe hannun mutum shi ne kunya, da kuma sanin wurin na wane ne. A Manhyia kowa ya san gidan Sarki Otumfuo Osei Tutu II ya shigo, ba ya buƙatar a rubuta masa komai. A Bosomtwe kuwa, in ba a yi wa baƙo bayani ba, ruwa kawai yake gani. Shi ya sa tun a hanya, kafin mu gangara ƙauyen Abono da ke bakin tafkin, nake gaya musu cewa dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin tafkin shekaru wajen miliyan ɗaya da suka wuce, cewa Asante suna ɗaukar ruwan da tsarki, har masuntansu a kan faifan katako suke zama su yi su. Ba addinina ba ne, amma abin mutane ne, kuma kifin nan shi ne cinsu da shansu. Wanda ya ji wannan, wallahi da wuya ka ga ya wurga leda a ruwan. Wani ma har ya sunkuya ya tsince ta wani.

Haka a Besease, kusa da Ejisu. Tsoffin gine-ginen Asante irin na can, da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1980, na ƙasa ne da itace. Wani saurayi ya jingina da bango zai yi hoto, yana sosa zanen da farce. Dattijon da ke kula da wurin bai daka masa tsawa ba. Hannunsa ya kama, ya nuna masa inda ƙasa ta ɓantale, ya gaya masa irin wahalar da ake sha kafin a gyara. Daga nan yaron ya koma shi ke hana abokansa taɓawa. A kurkukun bayi na Cape Coast ma, a 2019 da jama'a suka yi ta tururuwa daga Amurka, wa ya ga allon tara? Mutum ya fito da hawaye, ba zai tofa ko yawu a wurin ba.

Don haka ku daina kawo mana masu zagin baƙar fata daga cikin ofis mai sanyi. Ku kira masu yi wa baƙi jagora da masu shara da direbobi, su gaya muku inda babu kwando ko ɗaya, da inda kwandon ya cika ya tumbatsa ba mai kwashewa.

Sannan, don Allah, wa ya ba ku shawarar mayar da shirin dab da Magariba? Muna fita masallaci, kafin mu dawo kun rufe layin waya. Ku mayar mana da shi bayan Isha'i yadda yake a da.

Naku mai sauraro,
Wani direba, Aboabo, Kumasi