Zuwa ga Alhajin Kasuwar Barci da ke son kotu ta sakaya sunansa

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyon da aka gayyace ni ranar Asabar ka bugo waya ka ce wani abokin ciniki ya cinye maka kuɗi masu yawa, kana son kai shi ƙara, amma kana gudun 'yan kasuwa su ji an yi maka wayo, don haka ka tambaya ko alƙali zai yarda a sakaya sunanka. Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na ga ya dace in amsa a rubuce.

Gaskiyar magana, da wuya ka samu. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a yi zaman shari'a, har da yanke hukunci, a bainar jama'a. Idan ka je Babbar Kotu da ke titin Bida a nan Kaduna da safe, za ka ga jerin ƙararrakin ranar ɗauke da sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara ɓaro-ɓaro, kuma ko mai tallan goro yana iya shiga ya zauna a bencin baya ba wanda zai tambaye shi abin da ya kawo shi. Ba don a tozarta kowa aka tsara haka ba. Idon jama'a linzami ne ga alƙali da mai ba da shaida, domin wanda ya san maƙwabcinsa na saurarensa ba ya saurin shirga ƙarya. Kotun Ƙoli ba ta wasa da wannan ƙa'ida: a shekarar 1973 ta rushe hukuncin shari'ar Oviasu da Oviasu saboda alƙali ya saurare ta a ofishinsa, alhali rabuwar aure ce, wadda ta fi maganar bashi buƙatar sutura.

Sashen ya bar ƙofa, amma ƙarama ce: tsaron ƙasa, tarbiyyar jama'a, kare yaran da ba su kai shekara 18 ba, sirrin rayuwar mai ƙara da wanda ake ƙara, ko inda bayyanawar za ta cutar da adalcin kansa. Haka kuma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba da damar ɓoye suna da adireshin wanda aka zalunta da na shaidu a shari'ar fyaɗe, ta'addanci da safarar mutane, har shaida ya yi magana a bayan labule. Yarinyar da aka keta wa haddi da shaidan da ake farautar ransa, su aka yi wa wannan tanadi. Kunyar an cuce ka a ciniki, duk da na san zafinta ga mutum mai mutunci irinka, ba ta kai nan ba, kuma da za a karɓe ta, da masu hannu da shuni ne za su fara sayen duhu.

Idan rufin asiri ya fi maka komai, ka nemi sulhu ta hannun shugabannin kasuwa ko mai shiga tsakani, a rubuta yarjejeniya a sa hannu gaban shaidu. Idan ya ƙi, ka tattara rasitanka da saƙonnin waya ka ga lauya.

Wassalam.
Ɗan'uwanka lauya, Kaduna.