Ba ko'ina "way out" ke nufin mafita ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare kafin in yi ritaya, kuma har yau labaran wasanni na tasharku ba sa wuce ni. A makon jiya mai karanta labarai ya ce kocin wata ƙungiya a Ingila "yana kan hanyarsa ta fita waje". Jikana da ke zaune kusa da ni kan tabarma ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ina za shi?" Nan take na gane abin da ke gaban mai fassara: "he is on his way out". Ba tafiya mutumin zai yi ba, kujerarsa ce ke rawa, an kusa sallamarsa. Haka Turawa ke faɗa game da ɗinkin da yayinsa ke wucewa, wasu ma har ga majinyacin da aka fara fid da rai da shi. Abin ya dame ni, domin dubban mutane sun ji labarin amma ba su ji saƙon ba.

Asalin ma'anar "way out" ita ce ƙofar fita. Lokacin da aka tura mu kwas Ingila, ranar da na fara shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan na sauka ina ta waige-waigen "Exit", kalmar da nake koya wa ɗalibaina. Jama'a na ta wucewa, ni ina tsaye da jaka a hannu, sai wani dattijon ma'aikaci ya nuna mini baƙin allo mai rawayan rubutu da kibiya: "Way out". A Amurka kuwa "Exit" za ka gani a saman ƙofa. Ita wannan daga Latin ta zo, ma'anarta "yana fita", kuma da ita ake nuna ɗan wasa ya bar dandamali a rubutun wasan kwaikwayo. Daga cikinta aka ƙera Brexit, ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wadda aka kaɗa wa ƙuri'a a 2016, ta tabbata a Janairun 2020.

A nan Hausa ta yi mana gata, don "mafita" ta haɗa ƙofa da maslaha kamar yadda "way out" ta haɗa su. Idan aka ce "there is no way out", babu mafita ke nan, ba sai an wahala ba. Sai dai wannan dacewar ita ke sa mai fassara ya saki jiki. Wanda aka ce "he took the easy way out" ba yabonsa ake yi ba. Zillewa ya yi, ya guje wa nauyin da ke kansa. In ka ce "ya samu mafita cikin sauƙi", ka mayar da zargi yabo.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne wurin da "way" ba ta nufin hanya kwata-kwata, ƙarfafa magana kawai take yi. "Way out in the bush" na nufin can cikin daji, nesa da gari. "Way out of line" kuwa mu cewa muke yi ya wuce gona da iri. Na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya rasa maki a jarrabawa saboda ya tsaya neman hanya da ƙofa a jimlar da ba su cikinta.

Na san labari kan iso ɗakinku saura 'yan mintoci a shiga iska, kuma ba na raina wahalar yaranku. Roƙona shi ne mai fassara ya karanta jimlar har ƙarshe kafin ya ɗora alƙalami, sannan wani ya sake dubawa. Idan da hali, ku ware minti biyar a shirinku na ɗalibai don irin waɗannan maganganu. Ni da jikana za mu kasa kunne.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin Turanci, Zariya