Zuwa ga 'yata, kafin ku shiga teku

Assalamu alaikum Mamana,

Ya gida, ya maigidan naki? Na ji kun gama rajistar Fastnet ɗin nan, gasar tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, ku biyu rak a ɗan jirginku. To Allah ya sa a yi lafiya, ni dai ba zan ce kar ku je ba don na san halinki, in kika sa abu a gaba sai kin ga ƙarshensa. Amma ki ji abin da zan faɗa miki ki karanta masa shi ma.

Daga Cowes ta Ingila a zagayo dutsen Fastnet can gefen Ireland a gangaro Cherbourg ta Faransa mil 695 ne na teku, ƙaramin jirgi irin naku kwana 4 ko 5 zai kwashe ba tsayawa. Ƙanƙantar jirgin ba ta dame ni ba, ai a 2013 wani uba da ɗansa 'yan Faransa, Pascal da Alexis Loison, su biyu kawai suka cinye gasar baki ɗaya a ɗan jirgi, suka doke manyan jirage masu tarin ma'aikata. Abin da ke hana ni barci shi ne barcinku.

Mutum biyu a jirgi, a gaskiya mutum ɗaya ne, don duk lokacin da kike riƙe da sitiyari shi yana ƙasa yana minshari, in raƙumin ruwa ya ɗauke ki ƙarfe 3 na dare ba wanda zai ji ihunki, zai farka bayan awa 2 ya tarar jirgi na ta tafiya shi kaɗai kuma bai ma san a ina kika faɗa ba. Saboda haka rigar ceto a jiki, igiyar ɗaurewa a maƙale da jirgi tun kafin ki leƙo waje, ko da teku ta kwanta lumui. Kuma kada ki taɓa zuwa gaban jirgi gyaran ƙyallen da iska ke turawa ba ki tashe shi ba.

Nan ne fa na san za ki ba ni matsala. Za ki ce tausayi, bawan Allah yanzu ya kwanta, bari in lallaɓa ni kaɗai. Shi kuma zai ce ai shi namiji ne, bari ya ƙara miki awa ɗaya. Wannan karar a tudu ake yin ta Mamana. In lokacin duti ya cika a tashi mutum, in ya yi fushi ya huce daga baya. Wanda ya kwana 2 bai runtsa ba sai ya fara ganin fitilu inda babu, ya karanta taswira a juye yana rantsuwa daidai ne. Ku ci abinci ko ba kwa so, ku sha maganin jiri tun kafin amai ya fara.

Sannan ku yanke tun yanzu waye kyaftin. In iska ta taso ba lokacin "ai ni na ce" ba ne. Amma ku yi alkawari, duk wanda ya fara cewa a rage ƙyalle a rage, duk wanda ya ce a haƙura a nufi tashar da ta fi kusa a nufa, kuma ba gori bayan an sauka.

Ki tuna 1979. Jirage 303 suka tashi a watan Agusta, guguwa ta rutsa su cikin dare, 'yan tsere 15 suka rasu. An gudu an bar jirage 24, amma 5 kaɗai suka nutse, wasu sun mutu ne a kwale-kwalen roba na ceto alhali jirgin da suka baro aka tsince shi yana yawo bisa ruwa. Kada tsoro ya fitar da ku daga jirgin da bai nutse ba.

Mamanki ta ce a turo mata sunan jirgin da lambarsa, wai za ta riƙa bin ku a waya, na san ba za ta bar ni in yi barci ba satin nan. Ki gaida maigidan, ki ce ya kira ni kafin ku tashi ina da magana da shi. Allah ya tsare, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Babanki