Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Ilimin Firamare da Sakandare na Jihar Sakkwato: Yaran da Muke Kira Malalata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a nan cikin garin Sakkwato. Bana shekarata 17 da alli a hannu. Ba kukan albashi na kawo ba, ba kuma na rufin aji ba, ko da yake in aka taɓo su ba zan rasa ta cewa ba. Maganar wasu yara na zo da ita, kuma da laifin kaina zan fara.

Na daɗe ina dukan yara saboda mantuwa. Yaro ya zo bai yi aikin gida ba, ko ya bar littafi a gida karo na uku a mako guda, sai in ce ya miƙo hannu. A tunanina gyara nake yi. Abin bai zo mini gida ba sai a kan ɗan ƙanena, maraya, wanda nake riƙo. Shekararsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare. Ana ta aiko mini daga makarantarsu cewa ba ya yin aiki. Wani dare bayan isha'i na zazzage jakarsa a kan tabarma. Aka sami wayar caja guda biyu, da ɓawon gyaɗa, da biro babu murfi, can ƙasa kuma takardu uku a nannaɗe. Aikin gida ne, an yi shi tsaf, ɗaya ma babu kuskure ko guda. Duka ukun an doke shi a kansu.

Na ce, “Mi as sa ba ka ba malam ba?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baffa, wallahi in na shiga aji sai abin shi ɓace man. Sai an ɗauko bulala nika tunawa.”

Wannan yaron kuma in ya zauna wurin wani mai gyaran waya a kasuwa, sai ya yi awa uku bai ɗaga kai ba. Shi ya sa duk gidan muka yanke masa hukunci cewa ganin dama ne, tunda ga abin da yake so yana iyawa. Sai da likita ya zauna da shi sau biyu, ya yi mana tambayoyi tun daga yarintarsa, sannan ya ce yana da lalurar nan da ake kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da saurin ɗaukewar hankali. Ya kuma ce wannan nutsewa cikin abin sha'awa, da kasa taɓa abin da ba ya jan rai, duk halin lalurar ne.

Ranka ya daɗe, ka san tasha. Motoci na iya cika ta, kowacce da mai da direba, amma in babu ɗan kamasho da zai ce wannan ce a layi, waccan ta jira, to rana za ta faɗi ba a yi lodi ba. A gaban ƙwaƙwalwar ɗan Adam, bayan goshi, akwai mai irin wannan aiki. Shi ke riƙe maka abu a ka yayin da kake aiki da shi, kamar lambar da ka ajiye a gefe kana tsakiyar haɗa lissafi. Shi ke taka maka birki in wani abu ya gilma. Shi ke juya ka daga wannan aiki zuwa wancan, ya kuma ce maka lokaci ya tafi. Wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, bayan ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, ya nuna cewa ga masu ADHD nunar tana zuwa a makare da kimanin shekara uku, musamman a wannan sashe na gaba. Russell Barkley, wani masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙarar da rayuwarsa kan lalurar, yana yawan nanata cewa matsalarsu ba rashin sanin abin yi ba ce, aikata abin da suka sani a lokacin da ya dace ne ke gagarar su. Takardun nan uku na ƙasan jaka ke nan.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Masu otizim, waɗanda mutanenmu ke tattarawa da wasu lalurori daban su kira duka galahanga, da yawansu suna shan wuya in aka sauya musu tsari ba shiri. Masu wahalar haɗa baƙi, wato disleksiya, ƙarfinsu kan ƙare wajen karanta tambaya kafin su kai ga amsa. Ƙididdigar duniya ta sa masu ADHD kaɗai a wajen yara 5 cikin 100. Ajina na bana yara 84 ne. Ka ga ke nan ba mamaki huɗu na zaune gabana kullum, ni kuwa ina kiran su malalata.

Abin ya fi tsananta ne a sakandare, kuma dalilin a fili yake. A firamare malami guda ke riƙe da yaro, ya san halinsa, shi ke tuna masa komai. Yana shiga ƙaramar sakandare sai darussa su haura goma, kowane da malaminsa, kowa ya ba da aikinsa da ranar karɓa. Ga Islamiyya da yamma, ga aike, ga ɗibar ruwa. Muna koyar da lissafi da kimiyya da Turanci, amma babu wani darasi a jadawali da ake koya wa yaro yadda zai rubuta abin da aka sa shi, ya raba shi gida-gida, ya san wanne zai fara, ya kuma tuna ya miƙa. Mun ɗauka da wannan ake haihuwar mutum. Wasu yaran kan tsince shi da kansu. Waɗannan sai an koya musu, kamar yadda ake koyar da alwala, gaɓa bayan gaɓa, ana yi ana dubawa.

Abin da ya ba ni kunya da na shiga karance-karance shi ne, rabin maganin yana zauren malam na unguwarmu. A makarantar allo ba a ba yaro izu guda rana ɗaya. Ana rubuta masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Ba ya wanke allo sai ya kife shi ya biya wa malam da ka. Kuma na baya ba a barin sa, ana komawa tilawa a kai a kai. To, Bajamushe Hermann Ebbinghaus tun 1885 ya auna yadda mantuwa ke cinye sabon karatu cikin kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba. A 2006 wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai a Amurka, suka ga wanda ya rufe littafi ya ƙwaƙulo abin daga kansa ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa. A 2013 wata tawaga ƙarƙashin John Dunlosky ta tace dabarun karatu goma, biyu suka fito kan gaba: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki. Maimaita karantawa da ja wa layi suna can ƙasa. Mu kuwa a boko me muke yi? Mu cika allo da rubutu, yara su kwafa, su ajiye, daren jarrabawa su kwana suna bin shafi da ido. A garin da Nana Asma'u ta zuba ilimi cikin waƙa domin jajis, wato malamai mata da ta horar, su ɗauka da ka su kai wa mata ƙauyuka, bai kamata a ce sai mun aro wannan daga waje ba.

Ga abin da muka yi a gida, kuma bai ci mana kuɗin kirki ba. Na daina ce masa “je ka yi karatu”, domin wannan magana ba ta da bakin kamawa. Sai in ce tambaya ta ɗaya da ta biyu, ka kawo in gani. Agogo ba ya yi masa ma'ana, don haka muka ɗaure komai da salla: bayan la'asar minti 20 na aikin gida, a tashi a sha ruwa, a ƙara 20, bayan isha'i a shirya jaka a rataye a ƙofa tare da takalmi. Ya yanki kwalin sabulu yana rubuta abu uku kacal da zai yi gobe, yana sa shi a aljihun gaban riga. Lokacin aikinsa ni ma ina zaune gefe ina duba takardun ɗalibaina, ban ce masa komai ba, zaman kawai yana riƙe shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, wani makon komai rushewa yake, kwalin ya tafi wanki, mu sake daga farko. Amma zangon da ya wuce sau biyu kawai aka aiko.

A aji kuma na ware kusurwa guda ta allo, aikin gida a nan yake zama kullum, ba ya sauya wuri. Minti biyar na ƙarshe ba na koyar da komai, zagayawa nake in ga kowa ya rubuta. Farkon darasi kuma littattafai a rufe, tambaya uku daga karatun makon jiya. Abin mamaki, har yaran da ba su da wata lalura sun ɗaga.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne wannan ya daina zama dabarar malami ɗaya da Allah ya jarrabe shi a gida. A sa minti 20 sau biyu a mako cikin jadawalin aji ɗaya na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba, malamin aji ya koyar da tsara aiki da dabarun bita, da Hausa in ta kama. A tara malaman ba da shawara na makarantu a horar da su gane alamun, su san lokacin da za su kira iyaye da lokacin da za su ce a ga likita. Muna da masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, muna da makarantar horon malamai mai sunan Shehu Shagari, inda ya dace a ce kowane sabon malami ya ji wannan kafin ya riƙe alli. Sai dai a yi hattara da sunan Kware a kunnen iyaye. Uba na jin sa zai ce an kira ɗansa mahaukaci, ya ɗauke shi ya tafi. Gara likitocin su riƙa zuwa makarantu, kuma a yi bayani a Rediyon Rima da bakin malaman addini da mutane suka yarda da su. Batun magani kuwa na likita ne, ba na malamin aji ba.

Makarantar A. A. Raji tana ɗawainiya da kurame da makafi da sauran masu buƙata ta musamman, Allah ya saka. Amma yaran da nake magana a kansu ba can suke ba. Suna cikin azuzuwan kowa da kowa a ƙananan hukumomi 23, lalurarsu ba ta da sanda ba ta da keke. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar ilimin da ba ya ware kowa. A matakin jiha ana iya farawa da abu mai sauƙi: wanda likita ya tabbatar da lalurarsa a ƙara masa lokaci a jarrabawar zango, a zaunar da shi gaba, nesa da taga. Gobe JAMB za ta ajiye masa tambaya 180 cikin awa biyu a gaban kwamfuta. In bai taɓa koyon raba lokaci ba, nan zai bar abin da ya sani.

'Yan mata sun fi ba ni tausayi. Namiji mai wannan lalura yakan dami aji har a lura da shi, ko da bulala ce. Mace sau da yawa shiru take yi, ido na kan allo hankali na wani wuri. Ba ta da laifi a wurin kowa, sakamako ne kawai ba ya kyau, har a gida a ce ba ta da kan boko, a cire ta. Na san biyu da aka cire daga ajina, kuma a lokacin ban ce uffan ba, domin ni ma haka na ɗauka.

In ka ga dama ka turo wani daga ma'aikata ba tare da sanarwa ba, ya zauna bayan aji ya ga minti biyar ɗin nan na ƙarshe da idonsa, ya kuma tambayi yaran da kansu. Ɗan nawa ma yana nan, zai nuna masa kwalinsa, in bai bar shi a aljihun rigar jiya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Sakkwato.