Godiya ga garejin da ya raba tsohuwar motata da kafireta

Assalamu alaikum, maigidan gareji da dukan yaranka.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ga ya dace in rubuta wannan a fili, don godiyar da na yi muku a tsaitsaye ranar da na karɓi mota ba ta ishe ni ba. Yau wata huɗu ke nan ina hawanta, na sami bakin magana.

Motar dai kun san ta: a-kori-kura ce Chevrolet C10 ƙirar 1979, mai injin V8 lita 5.7, wanda ake kira 350. Kamfanin bai fara sa wa irinta injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai a madadin kafireta, ba sai a 1987, don haka tawa da kafireta ta zo duniya, da ita kuma ta tsufa. Duk safiyar sanyi sai na yi ta taka totur ina lallashi kafin ta yarda ta tashi. In kuwa na kashe ta da zafinta na dawo bayan minti goma, sai ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi, don man da ke cikin kafiretar ya tafasa. Warin fetur kuma har a jikin rigata.

Da na gaji sai na sayi injektar nan da ake ɗaurawa a mazaunin kafireta, mai ƙwaƙwalwarta a jiki, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa ta, kusoshi huɗu ne ma ke riƙe ta. Na kawo muku a kwali ina cewa aikin yini guda ne. Maigida, ka dube ni ka yi murmushi, ka ce ba za ka taɓa kwalin ba sai ka ji lafiyar injin. Ka auna matsin silinda takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, sannan ka gaya mini ƙiri-ƙiri cewa injekta ba ta warkar da injin da ya gaji, kuma kada in sa ran motar za ta koma ta tsere. A ranar, in faɗi gaskiya, na ɗauka jan rai ne. Ashe aikin ke nan aka soma.

Inda kuka fi shan wahala shi ne hanyar mai, abin da ni ban ma sa a lissafi ba. Tsohon famfon da inji ke juyawa matsinsa bai wuce psi 5 zuwa 7 ba (psi ma'aunin matsi ne), ita kuwa sabuwar na'urar wajen 58 take so. Ke nan tsofaffin tiyo ba za su ɗauka ba, fashewa za su yi, a kusa da inji mai zafi kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Kuka sauke tanki, kuka nuna mini tsatsar da ta kwanta a gindinsa, kuka sa famfon lantarki a ciki, da matata biyu: mai mikiron 100 kafin famfo, mai 10 bayansa (mikiron ma'aunin ƙanƙantar hudojin matata ne). Kuka kuma ja sabon bututu da zai mayar da rarar mai cikin tanki. Akwai bayanin da ka yi mini wanda har yau ina maimaita wa mutane. Kafireta tana da ɗan kwanon ajiyar mai, ko famfo ya zuƙi iska na ɗan lokaci ba za a ji ba. Injekta ba ta da wannan kwano, don haka in mai ya yi ƙasa aka sha kwana ya tuɗe gefe guda, nan take inji zai yi tari. Shi ya sa kuka yi wa famfon ɗan gurbi da mai ke taruwa a ciki.

Sai batun salansa. Ƙwaƙwalwar tana dogara ne da wata sensa da ke shinshina hayaƙi, tana neman daidaita kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur. In salansa tana yoyo kafin wurin sensar, iskar waje za ta shiga, ƙwaƙwalwa ta zaci mai ya yi kaɗan, ta yi ta ƙara shi har fulogai su yi baƙi. Ƙaramin yaronku ne ya gano wata 'yar tsaga da ruwan sabulu, alhali ni shekara da shekaru ina jin ƙarar ina cewa halin tsohuwar mota ne. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Mai waldarku kuma ya karkata mazaunin sensar sama, ya wuce digiri 10, don kada raɓar da ke taruwa a bututu ta kwanta mata a baki.

Wayarin ba zan ja shi ba. Kun kai wayoyin wuta kai tsaye kan batir, kun nisanta su da wayoyin fulogi, kun naɗe komai tsaf har ina jin daɗin buɗe bonet a gaban mutane.

Ba zan ɓoye ba, na dawo muku sau ɗaya. Bayan mako biyu silo, wato juyin inji in mota na tsaye, ya riƙa hawa shi kaɗai, raina ya ɓaci, na zo da shirin faɗa. Ba ka ɗora laifin a kan kayan da na sayo ba, ba ka kuma ce tuƙina ne ba. Ka duba ɗan allon na'urar, ka bi tiyo ɗaya-ɗaya, ka sami wani tsohon tiyon iska da ya tsage, ka ce kuskurenku ne da ba ku canza shi tun farko ba. Faɗan da na zo da shi, da shi na koma gida. A ranar ne ma ka tuna mini cewa na'urar ba ta fara koyon halin inji sai ruwan lagireto ya kai zafin wajen digiri 71 a ma'aunin Celsius, don haka gajerun tafiye-tafiyen da nake yi ba sa koya mata komai. Na ba ta doguwar hanya sau uku, ta daidaita.

Yanzu murɗa makulli ɗaya take tashi, da sanyi ko da zafi, kuma warin fetur ya tafi. Shan mai ya ragu, amma kaɗan ne, kamar yadda ka faɗa. Ƙarfi ma bai ƙaru sosai ba, sai dai ta daina shaƙewa in na taka ta a hawa da kaya a baya, wanda shi ne abin da ya dame ni.

Tsohuwar kafiretar da kuka wanke kuka sa mini a kwali tana nan a ajiye, na kasa rabuwa da ita. Wata mai zuwa zan shigo a canza matatar mai, a gaya wa yaron nan ya tanadi ruwan sabulunsa, don ina jin wata 'yar ƙara ta ɓangaren dama.

Allah ya ƙara buɗi, ya kare hannuwanku.

Naku,
Mai tsohuwar a-kori-kura